Hukuncin Zaman Limamin Jami'a da Limaman Kirista

Tambaya: Malam, ni na'ibin limami ne a wani masallacin ɗalibai a Jami'ar Maiduguri. An gayyace ni zama da fasto da fada kan walwalar ɗalibai, har da zuwa dubiya asibiti tare. Wasu sun ce wannan jiɓintar kafirai ne. Mene ne hukuncinsa?

Amsa: Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗan'uwa, ka amsa gayyatar, ya halatta. Aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta yarje mana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu saboda addini ba, ba su kuma kore mu daga gidajenmu ba. Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Annabi (SAW) ya je dubiyar wani yaro Bayahude mai yi masa hidima. Jiɓintar da aka haramta ita ce yarda da kafirci, ko taya maƙiya cutar da Musulmi.

Tun kafa jami'ar nan a 1975 ake haɗa Babarbare da Babur da Margi da Ibo a ɗaki guda. Rigimarsu kuwa daga ƙaramin abu take tashi: ƙarar lasifika a makon jarrabawa, ko ruwan alwala da ya jiƙa ƙofar wani. Idan liman da fasto sun san juna, kafin magariba an kashe wutar. Wanda ya shaida harin bam na 16 ga Janairun 2017 a masallacin jami'ar lokacin sallar asuba, inda Farfesa Aliyu Mani ya rasu, ya san illar barin matasa a hannun masu tsattsauran ra'ayi. Ina ganin zamanka a wurin ya fi ƙauracewarka alheri.

Sai dai akwai iyaka. Kada ka shiga ibadarsu, kada ka sassauta aƙida don neman yardar wani. Ta'aziyya da kalma mai daɗi babu laifi, amma ba a nema wa wanda ya mutu ba Musulmi ba gafara, kamar yadda aya ta 113 a Suratut Tauba ta nuna.

Game da walwalar ɗaliban kuwa, sirrin da ɗalibi ya faɗa maka amana ne, ba ya shiga huɗuba. Wanda damuwarsa ta kai ga tunanin kashe kansa, ka yi masa addu'a, sannan ka raka shi wurin likita da ƙafarka.

Wallahu a'alam.