Shin Tarihi Yana Cika Rumbu?

A shekarar da ɗan ƙanwata ya ci jarrabawar bak a sashen adabi, wanda ƴan lakwal ke kira sashen A, dangi sun taru a zauren gidanmu ana yi masa barka. Da hayaniya ta lafa, sai babban kawunmu, dattijon da ya ƙare rayuwarsa tsakanin gona da kasuwa, ya tambaye shi abin da yake son karantawa a jami'a. Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Tarihi, Kaka." Tsohon ya dube shi jim kaɗan, sannan ya ce: "To, ɗan nan, shi tarihin yana cika rumbu?" Aka fashe da dariya, domin tsakanin kaka da jika akwai wasa. Amma ni na san ba wasa kaɗai ke cikin maganar ba, kuma tun ranar tambayar take yi mini yawo a zuci.

Abin da ake taƙaddama a kansa shi ne rukunin ilimin nan da ya shafi ɗan Adam kansa, wato tarihi da adabi da falsafa da nazarin harshe da na al'adu da addinai. Waɗannan fannoni ba sa haƙa rijiya, ba sa warkar da masassara, ba sa shimfiɗa hanya. A ƙasar da har gobe ake fama da ƙarancin likitoci da ruwan sha, wanda ya ce a fara da abin da ke ceton rai bai yi wauta ba, kuma uban da ya sayar da buhunan hatsinsa ya ɗauki nauyin karatun ɗansa yana da haƙƙin ya tambayi abin da karatun zai haifar. Hasali ma ba talaka kaɗai ke wannan tunani ba. A shekarar 2015 ministan ilimi na Japan, ƙasar da ba ta san yunwa ba a wannan zamani, ya rubuta wa jami'o'in gwamnati yana neman su rufe sassan ilimin ɗan Adam da na zamantakewa, ko su karkatar da su zuwa abin da ya fi biyan bukatar jama'a. Ke nan tambayar kawuna tambaya ce ta duniya, ya kuwa kamata a ba ta amsa ta gaskiya.

Bari in fara da shaidar mutumin da ba za a zarge shi da tsoron lissafi ba. Marigayi Abdu Mumuni, wanda aka haifa a Tasawa a 1929, masanin kimiyyar fizik ne da ya sadaukar da shekarunsa ga binciken makamashin hasken rana, shi ne kuma wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992. Amma littafinsa da ya fi yaɗuwa, wanda ya fito a 1964, a kan tarbiyya da ilimi a Afirka yake. A ciki ya yi nazarin yadda kakanninmu ke renon yaro, ya tona asirin lakwal ɗin mulkin mallaka, ya kuma nemi a koyar da ƴaƴan Afirka cikin harsunansu. Me ya kai mai auna zafin rana ga wannan fage? A ganina ya fahimci cewa na'ura ba ta zama da gindinta a wurin mutanen da aka raba su da harshensu da sanin kansu. Kafin a tambayi yadda za a ƙera abu, sai an san wanda za a ƙera wa, da abin da yake so, da abin da yake tsoro.

Ƙasar Maraɗi ta ba da hujja a kan haka. Bayan farin shekarun 1970 an kashe dukiya mai yawa wajen dashen itatuwa, galibinsu kuwa suka mutu. Daga wajajen 1983 aka soma wata dabara mai sauƙi, wadda manoma suka raɗa wa suna sassaben zamani: a bar kututturen da ke cikin gona su toho, a zaɓi rassa masu ƙarfi a rene su. Dabarar ba ta bukatar kuɗi, amma ta daɗe ba ta karɓu ba, domin manomi ya saba ganin itace a matsayin kayan gwamnati, wanda in ya taɓa shi ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara, ga kuma gorin maƙwabta cewa gonar da ba a share ta ƙal ba gonar rago ce. Sai da tunanin mutane ya sauya game da mallaka da abin kunya, sannan gawo da sauran itatuwa suka dawo, har masu bincike suka ƙiyasta cewa wajen hekta miliyan 5 ne suka farfaɗo. Saiwar tana nan cikin ƙasa tun farko. Abin da ya toshe ta yana cikin doka da al'ada. Haka kuma a 2003, lokacin da aka dakatar da rigakafin shan inna a Kano da wasu jihohin arewacin Najeriya, maganin yana nan, masu ɗigawa suna nan, yarda ce ta ɓace, cutar kuwa ta tsallaka iyakoki ta nakasa yara. Ba a ɗakin gwaji ake haɗa yarda ba. Wanda ya san tarihin jama'a da addininsu da yadda ake yi musu magana, shi ke iya maido da ita.

Sai dai in na tsaya nan, na mai da ilimin ɗan Adam ɗan aiken kimiyya kawai, alhali darajarsa ta wuce haka. Masu magana sun ce waiwaye adon tafiya. A 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ratsa ƙasar nan tana ƙone garuruwa, ta yi ɓarna mai muni a Birnin Ƙonni, ta kuma gamu da turjiyar Sarauniya a Lugu. Shekaru da dama labarin yana rabe biyu: rabi a takardun sojan Faransa, rabi a bakin tsofaffin ƙauyuka. Da Abdullahi Mamani ya fitar da littafinsa kan Sarauniya a 1980, Med Hondo kuma ya mai da shi fim a 1986, sai ƴan ƙasa suka sami abin da za su ɗaga kai da shi. Amma ƙagaggen labari yana da ƴancin ƙawatawa, saboda haka ana bukatar masanin tarihi da zai zauna ya tace, ya ce wannan an tabbatar, wancan marubuci ne ya ƙara. Irin wannan aikin haƙuri ne Jibo Hamani ya yi a kan Adar, André Salifu kuma a kan Damagaram. Shi ne kuma ya sa Bubu Hama, yana shugaban majalisar dokoki, ya duƙufa wajen tattara tsofaffin littattafan Larabci da na ajami, waɗanda a yau kimanin 4000 suke ajiye a cibiyar IRSH ta Yamai, ya kuma taimaka aka kafa cibiyar adana tarihin baka a 1968, wadda aka sani da CELHTO. Al'ummar da ba ta riƙe labarinta ba, wani ne zai ba ta shi, kuma yadda ya ga dama zai ba ta.

A nan wajibi ne in faɗi abin da bai yi wa ɓangarena daɗi ba. Karatun adabi da tarihi ba ya mai da mutum nagari da kansa. Cikin jami'an mulkin mallaka akwai waɗanda suka ƙware a harsunanmu da al'adunmu, suka yi amfani da sanin wajen ɗaure mu tamau. An sha ganin gurɓataccen tarihi ya zama makamin raba ƙabilu, an kuma sha ganin mai zaƙin baki ya sayar da alƙalaminsa ga azzalumi. Amma maganin mugun tarihi shi ne ingantaccen tarihi, kamar yadda ba a barin likitanci don an taɓa ganin likitan da ya ci amana. Abin da waɗannan fannoni ke bayarwa, in an koyar da su yadda ya kamata, horo ne: a tambayi wa ya faɗa, yaushe, don me, a saurari hujjar abokin gaba kafin a yanke masa hukunci, a iya shiga rigar wani a ji abin da yake ji.

Wannan horo kuwa bai taɓa zama dole kamar yau ba. Wayar da ke aljihun ɗan kabu-kabu tana kawo masa wa'azi da ƙarya da farfaganda daga kowace kusurwa cikin ƙiftawar ido. Tun ƙarshen 2022 kuma na'urori masu ƙirƙirarriyar basira suna rubuta wasiƙa, suna fassara, suna amsa tambaya. Na'ura na iya kawo amsoshi dubu, amma zaɓen abin da ya dace da mutunci yana nan a wuyan mutum. Bugu da ƙari, a watan Maris na 2025 an ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, fiye da shekara 50 bayan buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Doka ba ta rubuta ƙamus. Wa zai ƙirƙiro kalmomin shari'a da na kimiyya, wa zai fassara, wa zai kula kada ɗaukaka harshe ɗaya ta zama raini ga Zabarmanci da Fulatanci da Tamashek da Barbarci da sauransu? Masu nazarin harshe da adabi da tarihi ne, waɗannan da muke tambaya ko karatunsu yana cika rumbu.

Ba ina cewa kowane yaro ya bar lissafi ya kama falsafa ba. Ƙasa tana bukatar likita da injiniya da malamin gona, da yawa kuma. Abin da nake roƙo shi ne a daina mai da sashen adabi juji na waɗanda aka ɗauka sun kasa, a bar ɗalibin likitanci ya ɗanɗani tarihi da ɗa'a, shi ma ɗalibin tarihi a tilasta masa sanin alƙaluma da halin da manomi ke ciki, don kada iliminsa ya zama ado na zaman majalisa.

Kawuna ya riga mu gidan gaskiya ban ba shi amsa ba, Allah ya jiƙansa. Da zan same shi yau, da cikin rumbunsa zan ɗauko amsar. Na san shi da ware dammunan da suka fi kyau kowace kaka, ya ɗaure su daban, kome tsananin bazara ba ya yarda a kai su turmi. In yara suka yi ƙorafi, sai ya ce wannan iri ne. Iri ba ya ƙosar da kowa a ranar da aka ajiye shi, wanda ya cinye shi kuwa ya ci damina mai zuwa. Tarihinmu da harshenmu da tunaninmu a kan abin da ya sa mutum ya zama mutum, su ne irin al'umma. Allah ya ba mu hikimar cika rumbu, ya kuma hana mu daka iri.