Rufin Asiri da Neman Magani

Ya kai mai karatu, ga tambaya. In mutum ya faɗa shan giya har ta fi ƙarfinsa, wanne ya fi masa: ya yi shiru don kunya, ko ya faɗa wa waɗansu?

Tambayar nan ta shafe ka, ko kana ƙauye. Kowace shekara in an gama girbi, samarinmu suna tafiya cin rani Yamai. Waɗansu suna sauka Yantala, suna aikin lambu a bakin kogin Isa, ko dako, ko gadi. Yawancinsu suna komowa da ɗan abin da suka samu. Amma akan sami wanda ya fara da kwalba ɗaya don gajiya ko kewar gida. Kafin damina, kuɗin iri sun ƙare a mashaya.

Masu cewa a yi shiru suna da hujja. Kunya abu ne mai kyau, rufin asiri kuma gado ne. In labari ya bazu, har ƴarsa ma sai ta sha wuyar samun miji. Sai dai shiru suna kaɗai yake tsarewa, ba ya tsare jiki. Giya tana cin hanta ko mutane sun sani ko ba su sani ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2019 giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6. Wanda ya daɗe yana sha, jikinsa ya saba. In bai sha ba, hannunsa rawa yake yi da safe. Faɗa da zagi ba su tsai da wannan rawa.

Giya haramun ce, babu gardama. Amma ka tuna, sannu-sannu aka hana ta. Da fari aka nuna laifinta ya fi amfaninta. Sannan aka hana yin salla cikin maye. Daga baya aka hana ta ɗungum. An kuma ruwaito cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata gare shi, ya hana a la'anci wani mutum da aka sha kamawa da shan giya, don mutumin yana son Allah da Manzonsa. Ashe ƙin giya daban, yar da mashayi daban.

To, wa zai faɗa wa? Ba ƴan kasuwa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, saboda haka wanda ya taɓa shiga wannan hali shi ya fi gane shi. A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu suka haɗu: Bill Wilson ɗan kasuwa, da Bob Smith likita. Kowannensu ya yi ta ƙoƙarin bari shi kaɗai yana komawa. Suka lura in sun zauna suna gaya wa juna gaskiya, sukan wuni ba su sha ba. Daga nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, wato mashayan da ba a faɗin sunansu. Ta isa Faransa a 1960, yanzu kuma tana cikin ƙasashe wajen 180.

Dokokin zamansu ba wuya. Ba a biyan kuɗin shiga. Sunan fari kaɗai ake faɗi. Kowa ya ba da nasa labari, ba mai yi wa wani wa'azi. Abin da aka ji a wurin, a wurin ake barinsa. Ba a ɗaukar alkawarin shekara, na yau kaɗai ake ɗauka. Gobe kuma a sake.

Kana iya cewa, in mashaya sun taru, ai sai su ja juna su koma. Gaskiya ne wani yakan koma sha. Amma wanda yake shi kaɗai, in ya faɗi ba mai gani. Wanda yake cikin taro, in ba a gan shi ba sai a bi sawunsa. Mu ma mun san wannan dabara. Gonar da ta gagari mutum ɗaya, gayya take nome ta. Samarin Yamai kuwa suna da fada, inda suke shan shayi suna hira. Irin wannan zama ne, sai dai an sa masa manufa da amana.

Wanda yake nema, ya fara da likitar unguwa ko ta garinsu. Ya tambayi malamin asibiti ko ya san inda masu son barin giya suke haɗuwa. A babban asibitin ƙasa na Yamai akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa da ake kira Pavillon E, can ma ana iya tambaya. Zuwa likita dole ne, don wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya bari farat ɗaya, yana iya yin jijjiga ko sambatu cikin kwana 2 ko 3, har ya rasa ransa. In kuma ba a sami taro kusa ba, mutum biyu sun isa farawa. Na Akron ma su biyu ne.

Kai kuma da ba ka sha, kana da naka aiki. In ɗan'uwanka ya buɗe maka cikinsa, kada ka kai shi dandali. Ka raka shi likita, ka riƙe bakinka. Wannan shi ne rufin asiri na gaskiya. Allah ya sa mu dace.