Wanda Ya Buɗe, Shi Ke Lamuni

A fikihun Malikiyya, wanda aka ba ajiya ba ya biya idan ta salwanta ba da sakacinsa ba, domin amintacce ne. Sai dai malamanmu sun cire masu sana'a daga wannan rangwame. Tela, marini, maƙeri, duk wanda ya kafa kansa yana karɓar kayan jama'a, ya shige da su inda mai kaya ba ya gani, shi ke lamuninsu, sai in ya kawo shaidar cewa ba daga hannunsa ɓarnar ta fito ba. Risalar Ibn Abi Zaid ta kawo hukuncin a taƙaice, Shaɗibi kuma ya sa shi cikin misalan maslaha, ya danganta shi ga Sayyidina Ali. Dalili a fili yake: dole mutane su kai kayansu, kuma ba su san abin da ake yi musu a ciki ba.

Ni gyaran rediyo da talabijin nake yi a Arlit, kuma cikin abin da ke zuwa teburina har da PlayStation 2, wadda masu ɗakunan wasa ke kawowa. Sony ta fitar da ita a 2000, ta daina ƙera ta wajajen farkon 2013, a 2018 ta rufe ko sashen gyaranta a Japan. Mu nan ba mu rufe ba. Ciwonta kusan ɗaya ne: ta ƙi karanta faifai. Ƙurar garin nan ba ta barin komai, sai ta kwanta kan idon da ke haska faifan. Akan buɗe, a goge idon da auduga da ɗan alkol, a share tsohon giris da ya daskare a kan sandunan da idon ke zamewa, a sa sabo. In tiren ya ƙi fitowa, galibi ɗan bel ɗin roba ne ya saki.

Amma akwai wani gyara da nake ƙyama. A jikin idon akwai ɗan maɓalli da ake murɗawa da bakin sukudireba, sai ƙarfin hasken ya ƙaru. Nan take na'ura za ta karanta, mai ita ya biya jikarsa ya tafi yana sa albarka. Idon kuwa yana ƙonewa a hankali, ba da jimawa ba zai mutu ɗungurungum, a lokacin da babu mai tuna wa ya taɓa shi. Alƙali ba zai kama ka ba. To, lamunin ya faɗi ke nan don aibin ya yi jinkirin bayyana? Ni dai a ganina bai faɗi ba. Jinkirin ma shi ya ƙara masa nauyi, tunda kai kaɗai ka san abin da ka murɗa. Shi ya sa nake gaya wa mai kaya gaskiya: ko a nemo ido daga wata matacciyar na'ura, ko a bar faifai a koma ɗora wasanni ta kebul.

Mutumin Arlit ba zai yi wannan tunani bai ɗaga kai ya dubi yamma da gari ba. SOMAÏR ta fara fitar da yuraniyom a 1971, COMINAK ta Akokan a 1978, aka rufe COMINAK ranar 31 ga Maris 2021. Ta bar tulin dusar ma'adini kusan tan miliyan 20 a fili. Shirin da aka sanar shi ne a lulluɓe shi da yumɓu da dutse mai kaurin mita biyu, a yi ta sa ido shekaru. Ban ce aikin banza ba ne, ya fi a bar wa iska. Amma radiyom da ke ciki sai ya yi shekara 1,600 kafin rabinsa ya ƙare. Kuma tun 2009 Greenpeace da CRIIRAD suka auna tarkacen ƙarfe masu gurɓatar nukiliya a kasuwar garin nan, abin da ƙungiyar Aghir In'Man ta Almoustapha Alhacen ta daɗe tana kuka a kai.

Za a ce kwangila tana da wa'adi, kamfani ma yana mutuwa kamar mutum. Gaskiya ne a kotu. Sai dai sharuɗɗan nan biyu da suka sa aka ɗora wa tela lamuni duk sun cika a nan, har sun zarce: jama'a ba su da zaɓi, kuma ba su ga abin da aka yi a ƙarƙashin ƙasa ba. Waɗanda za su sha ruwan rijiyoyin nan bayan ƙarni biyar ba su sa hannu a kowace takarda ba.

Kada kuma mu sauke kayan duka a kan Faransa, wadda kamfaninta ya jagoranci haƙar, mu karkaɗe riga. Ƙasar Nijar tana da hannun jari a kamfanonin biyu tun asali, a watan Yunin 2025 kuma gwamnati ta mayar da SOMAÏR mallakar ƙasa. Wanda ya karɓi rami ya karɓi tulin da ke bakinsa. Ina roƙon malamanmu na Arlit da Akokan su fitar da wannan babi daga cikin Risala su karanta shi a kan mumbari ranar Juma'a, da sunan tulin da adadinsa.