A Daina Shafa Haɗin Gambiza a Ƙurajen Hannu

Akwai wasu 'yan ƙuraje masu ruwa da ke fitowa a gefen yatsu, da tafin hannu, da tafin ƙafa. Ƙanana ne kamar ƙwayar gero, a nutse cikin fata, amma ƙaiƙayinsu kan hana mutum barci. Sukan yi mako biyu zuwa uku, su bushe, fata ta riƙa saɓulewa tana tsagewa, sai a ce an rabu da su. Bayan wani lokaci su dawo. Likitocin fata suna kiran wannan ciwo fomfoliks, kuma wani nau'i ne na ciwon fata da suke kira ekzima.

Ciwon kansa ba ya kisa, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɓarnar da muke yi da sunan magani, wadda ta zama ruwan dare.

Yau da mutum ya ga ƙurji sai ya nufi kemis ya miƙa hannu. Yaron shago, wanda bai taɓa zama ajin koyon cututtukan fata ba, ya leƙa ya ce, "Ai sanyi ne," ya zaro wani man shafawa da aka haɗa magani uku a ciki: na kashe naman gwari, da na kashe ƙwayoyin cuta irin niyomaisin, da sitiroid mai ƙarfi kamar kulobetasol ko betametason. Kwana biyu ƙaiƙayi ya lafa, sai a ce an dace. Daga nan bututu ya shiga yawo cikin gida: uwa ta shafa, ta ba maƙwabciya, a shafa wa jariri a mazaunai, budurwa ta lura yana haskaka fata ta mai da shi man fuska.

To, sitiroid magani ne na gaske, shi ne ma likita yake rubutawa a wannan ciwo, amma da ƙa'ida: a wuri kaza, sau kaza, na ɗan lokaci, sannan a tsaya. Wanda ya ɗauki watanni yana shafawa, fatarsa takan yi siriri, ta yi nankarwa, rauni ya ƙi warkewa. Niyomaisin kuwa sananne ne wajen tayar da borin fata ga wasu mutane, wato maganin da kansa yake ƙara wa wutar fetur. Mafi muni su ne masu haɗiyar ƙwayoyin deksametason ko firedinisolon, waɗanda 'yan mata suka laƙaba wa irinsu "sha ka fashe". Ƙaiƙayi zai tafi, amma fuska ta kumbura, hawan jini da ciwon sukari su samu ƙofa, kuma yanke shan su farat ɗaya bayan an daɗe yana iya kwantar da mutum.

Ga kuma matsalar kama. Ƙazuwa ma tana fitowa a tsakanin yatsu da wuyan hannu, ita kuwa ƙwaro ne ke haddasa ta, tana bin gida kaf, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare. Cin ruwa na tsakanin yatsun ƙafa naman gwari ne. A shafa musu sitiroid, sai su ɓoye kamanninsu su ci gaba da yaɗuwa. Wani abin mamaki, cin ruwan ƙafa yakan sa ƙurajen nan su feso a hannu, kuma ba za su tafi ba sai an magance ƙafar. A Najeriya ma mun ƙara rikita lissafi, domin ƙyasbi muke kira ekzima, alhali shi wani abu ne daban. Yaya wanda bai iya rarrabe waɗannan ba zai zaɓa maka magani?

Ban manta da 'yan allura da reza ba, masu fasa ƙurji "don ruwan ya fita", da masu zuba man birki, kalanzir, man goge baki ko toka. Ruwan da ke ciki ba dafi ba ne. Fasa shi buɗe wa ƙwayoyin cuta hanya ne. Idan kuma a ƙafa ne, sai ka ji ana raɗa cewa mutum ya taka sammu, a yi ta turare da tsaga har ƙafa ta ɗuri ruwa. Ga mai ciwon sukari, irin wannan wasa yakan kai ga yanke ƙafa.

Abin da ke tayar da ciwon galibi yana gabanmu. Zufa da zafin bazara. Damuwa. Yawan jiƙa hannu a omo da sabulu, kamar yadda matan aure, masu wankau da masu wankin mota suke yi. Siminti, saboda sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, shi ya sa hannun birkila da lebura ba ya rabuwa da tsagewa. Ƙarfen nikel na zobe, agogo da makullai. Takalmin roba da ƙafa ke wuni tana gumi a ciki. Masu asma da yawan atishawa sun fi saurin kamuwa. Amare kuma su yi hattara da baƙin lalle, domin rinin da ake zuba masa yana tayar da ƙuraje masu ruwa a daidai zanen.

Kulawar ba ta da tsada. A riƙa shafa basilin fari marar turare sau da yawa a rana, musamman bayan alwala da wanke-wanke. A cire zobe kafin a taɓa ruwa. A sa safar hannu ta auduga, a ɗora ta roba a kai, in za a yi wanki ko kwaɓa siminti. A tsane tsakanin yatsun ƙafa, a sauya safa kullum. Tsumma mai sanyi yana rage ƙaiƙayi. Sauran kuwa na likita ne: shi zai duba ya tantance, ya rubuta man da ya dace, wani lokaci da ruwan jiƙo na famanganet da ake tsarma shi sosai, ko ƙwayar rage ƙaiƙayi da dare.

Da an ga mugunya, ko ɓawon rawaya, ko kumburi mai zafi da zazzaɓi, ciwon ya harbu ke nan. A ajiye bututun nan a tafi asibiti a ranar, a kuma tafi da kwalinsa domin likita ya ga abin da aka daɗe ana shafawa.