Magaji da Katin Banki

Tun 1998 bankin nan na Amurka, Bank of America, yake da wani tsari: duk mai riƙe da katinsa yana shiga gidajen tarihi sama da 200 kyauta, a Asabar da Lahadin farko na kowane wata. Alheri ne, ko kuwa ciniki ne ya yafa rigar alheri?

A ce wani banki ya kawo irin wannan tsari gidan tarihi na Katsina, wanda ke cikin ginin tsohuwar Kwalejin Horon Malamai da aka kafa a 1921, inda Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu. Mutum biyu suka taho a mota ɗaya: malamin Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da manomin da ya tare motar a Kurfi. A bakin ƙofa malami ya nuna kati ya wuce. Manomi kuwa, wanda ajiyarsa tana cikin rumbu da turken tumaki, sai ya shiga laluben aljihu.

Mai kare banki zai ce ba a ƙwace wa manomin komai ba: abin da yake biya jiya shi zai biya yau. Zai ƙara da cewa ginin ƙasa kullum yana neman yaɓe, kuma kuɗin banki na iya hana damina cinye shi. Ban raina wannan hujja ba. Wanda ya taɓa ganin soro ya rufta ba zai raina ta ba.

Sai dai ba kuɗin shiga ne ya dame ni ba, matsayin masu shigar ne. Abin da ke cikin ɗakunan nan gado ne, da harajin kakannin manomin aka ɗora tubalinsa. Ranar da kati ya zama mabuɗi, malamin ya tashi daga magaji ya koma baƙon banki, manomin kuma ya zama bare a gidan ubansa. Rangwamen ma ya faɗa hannun wanda ya fi ƙarfin biya.

Birtaniya ta soke kuɗin shiga manyan gidajen tarihinta a 2001, ba a tambayar kowa inda yake ajiya. Idan banki da gaske yake, ya ɗauki nauyin yini guda ga kowa da kowa, ya kafa allon sunansa a bakin ƙofa yadda yake so, ya biya wa 'yan firamaren Kurfi kuɗin mota.