Alhakin Mai Yawan Mabiya

Shin maganar mutumin da yake da mabiya dubu ɗari biyar a dandalin sada zumunta daidai take da ta wanda ba shi da mai sauraro sai abokan hirarsa na ƙofar gida? Masu faɗa a ji na waɗannan dandali sukan ce daidai ne, wai su ma ra'ayinsu suka faɗa kamar kowa, wanda bai so ba ya wuce. Wannan amsa ba ta karɓuwa, domin nauyin magana yana ƙaruwa ne gwargwadon yawan kunnuwan da ta shiga.

A shekarar 2019 cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta gano cewa kashi 97 cikin 100 na abin da Amurkawa suka rubuta a Twitter game da siyasar ƙasarsu, kashi 10 ne kacal na masu amfani da dandalin suka rubuta shi. Watau abin da mai karatu yake zaton muryar jama'a ce, ashe muryar 'yan ƙalilan ce. Idan kuwa 'yan ƙalilan ɗin nan masu zafin kai ne, sai kowane ɓangare ya ɗauka cewa dukan mutanen ɗaya ɓangaren haka suke.

Ba Amurka kaɗai ke fama da wannan ciwo ba. A watan Janairu na 2023, gab da zaɓen shugaban ƙasa a Nijeriya, BBC ta fitar da wani bincike da ya nuna jam'iyyu suna biyan masu yawan mabiya a asirce domin su yaɗa ƙarya a kan abokan hamayya. An ambaci kuɗin da ya kai naira miliyan 20, ban da kwangila da muƙami, kuma ƙabila da addini suna cikin abubuwan da aka riƙa sosawa.

A nan ne babban laifin yake. Ƙasar Hausa ta daɗe da sanin maroƙi. Yakan wasa ubangidansa, ya yi wa kishiyoyinsa zambo, amma a bainar jama'a ake yi masa kyauta, kuma shi da kansa yake shelar abin da aka ba shi. Saboda haka mai sauraro ya san ma'aunin da zai auna maganarsa. Shi kuwa wannan na zamani ya karɓi ladan roƙo a ɓoye, sa'an nan ya fito da rigar mai kishin talakawa. Ko da abin da ya faɗa gaskiya ne, ɓoye hannun da ya ba shi ha'inci ne, balle a ce ƙarya ce.

Duk da haka, ba shi kaɗai ke ɗauke da alhakin ba. Aya ta 6 ta Suratul Hujurati a kan mai jin labari ta ɗora wajibcin bincike, ba ta jira mai kawo labarin ya shiryu ba. Mabiyan ma suna da hannu ta wata fuska da ba a cika lura da ita ba. Na'urorin waɗannan kamfanoni sukan tura gaba abin da ya fi jawo martani, zagi kuwa ya fi nasiha jawo martani. Da haka mabiya suke koya wa gwaninsu irin maganar da za ta karɓu. Ran da ya kuskura ya ce abokin hamayya ya yi daidai a wani abu guda, mutanensa ne za su fara cewa an saye shi, wasu su watse. Washegari sai ya dawo da harshe mafi kaifi fiye da na jiya, domin ya maido waɗanda suka tafi.