Mudun Masu Kuɗi

Wanda ya saba cin kasuwar Shuwarin, kusa da Dutse, ya san sunan da a ke ba ma'aunin da aka kama da mudu biyu, babba na saye, ƙarami na sayarwa. Ba a daɗewa ana gardama a kansa, gama laifinsa a fili ya ke. Amma akwai wani irin awo wanda ba a yi da mudu, sai da alƙalami, abin da a ke aunawa kuwa mutum ne. A wata nan muna so mu yi tunani tare da masu karatu a kan tambaya guda: daidai ne a auna mutum bisa ga lissafin irin da aka haife shi a ciki?

Bari mu fara faɗin ko su wane ne ma'aunan. Kamfanin inshora ya kan karɓi 'yan kuɗi daga hannun mutane da yawa, ya yi alkawarin biyan wanda mutuwa, ko gobara, ko hatsarin mota ya auka wa. Kafin ya yanka abin da kowa zai riƙa biya, sai wani gwanin lissafi ya duba littattafan shekarun baya, ya ce cikin mutum dubu masu shekara kaza, kusan kaza ba za su ga baɗi ba. Turawa suna ce da shi akcuwari, mu kuwa sai mu ce mai awon kasada. Ba duba ya ke yi ba, ƙirga ne. Aiki ne mai kyau, fanshon tsofaffi da gādon marayu da yawa sun dogara gare shi.

To, a 1881 wani babban kamfani a Amurka mai suna Prudential ya sanar cewa baƙin mutum zai biya daidai da Bature, amma idan ya mutu za a rage wa iyalinsa sulusin abin da a ke ba iyalin Baturen. Hujjarsu ita ce baƙar fata sun fi saurin mutuwa. Abin da ya sa zancen ya yi wuya ke nan, gama ba ƙarya suka yi ba. Mutanen nan shekara 16 kaɗai ke nan da fitarsu daga bauta, suna zaune a unguwannin da ba ruwa mai kyau, ba likita, suna aikin da kowa ya ƙi. Lalle mutuwa ta fi yawa a cikinsu. Amma alƙalamin bai rubuta talauci ba, bai rubuta ruwan sha ba, sai ya rubuta launin fata, domin shi ne mai sauƙin gani. Har a 1896 wani ma'aikacin kamfanin, Frederick Hoffman, ya buga littafi yana cewa raunin a cikin jininsu ya ke. Aka ƙuntata wa mutane, aka ƙirga gawawwakinsu, sa'an nan aka ɗora musu kuɗin ƙuncin.

Kada mu ce abin na ƙasar nesa ne. A zamanin Turawa bankunansu a nan sun yi murna da ajiyar 'yan ƙasa. Ana ba da labari har yau yadda Alhassan Dantata ya kai azurfa a kan raƙuma 20 sa'ad da aka buɗe bankin Turawa a Kano a 1929. Amma rance, wannan sai kamfanonin Turai da 'yan kasuwar Kwara. Baƙin mutum da ƙyar a ke yarda da shi. Haushin wannan yana cikin abin da ya sa mutanen Ikko suka kafa bankin kansu a 1933.

Watakila wani zai ce, ai in lissafi gaskiya ne, ina laifin bin sa? Mai wannan magana yana da abin riƙo. Mata galibi sun fi maza tsawon rai, samari kuwa sun fi 'yan mata jawo hatsari a hanya. Sa'ad da babbar kotun Tarayyar Turai ta yanke a 2011 cewa daga Disamba 2012 kada a ƙara bambanta kuɗin inshora sabo da mutum namiji ne ko mace, 'yan mata masu tuƙi da yawa sun ga nasu kuɗin ya hau. Adalci ba kullum ya kan zo da araha ba. Duk da haka muna ganin kotun ta yi daidai. Ana iya tambayar mutum sau nawa ya yi karo, ko yana shan taba, ko ya taɓa cin bashi ya ƙi biya, gama waɗannan aikin hannunsa ne. Amma ba wanda aka yi shawara da shi kafin a haife shi baƙi ko fari, namiji ko mace. Lissafi yana iya faɗin gaskiya a kan mutum dubu, ya yi wa na gabanka ƙarya.

Yanzu mu komo gida, gama a ƙasar Dutse abin ya ɗauki wata kama dabam. Ba a cewa mace ta biya fiye da namiji. Ba a ƙirga ta ma sam. Ku dubi matar da ke cikin gida a Kiyawa ko Jahun: tana matsar man gyaɗa, tana toya ƙuliƙuli, yarinyarta tana kai talla, tana da awaki biyar a turke. Shekara 20 tana zubin adashi ba ta taɓa fashi ba. A hannun uwar adashi sunanta ya fi takarda ƙarfi. Amma idan ta je banki, za a tambaye ta takardar mallakar fili, da shaidar shige da ficen kuɗinta, ita kuwa gonar da sunan miji ko ɗan'uwa ta ke, cinikinta kuma bai taɓa hawa takarda ba. Ma'aikacin ba ya ƙinta. Littafinsa ne ba shi da layin da zai sa ta. Mai awon kasada ba ya iya auna abin da ba a rubuta ba, abin da bai auna ba kuwa sai ya kira shi hatsari.

Sai wani ya ce, to, ta zauna da adashinta mana. Da ma ya isa! Adashi yana ɗaukar biki da suna da jarin sana'a, amma ba ya ɗaukar masifar da ta faɗa wa kowa rana ɗaya. Da ambaliyar 2022 ta ci gonaki da gidaje a Ringim da Miga da wuraren Haɗeja, masu zubi da mai kwasa duka a ruwa ɗaya su ke. Irin wannan nauyi sai an raba shi tsakanin dubban mutane na garuruwa masu nisa, wato aikin inshora ke nan. Wadda ta fi bukatar wannan lissafi ita ce ba ta cikinsa.

Hukuma ba ta yi shiru ba. A 2013 Babban Bankin Nijeriya ya ware naira biliyan 220 domin ƙananan sana'o'i, ya ce kashi 60 cikin 100 na mata ne. A 2017 kuma aka yi doka wadda ta yarda a ba da jinginar dabba, ko keken ɗinki, ko amfanin gona, ba sai fili ba. Doka ce mai kyau, sai dai doka ba ta zuwa ƙauye da ƙafarta.

A nan ne zancen wanda ke riƙe da alƙalami ya shigo. Ƙungiyar masu awon kasada ta Ingila an kafa ta a 1848, amma ba ta buɗe wa mata ƙofa ba sai bayan shekara 70 da 'yan kai, mata biyu na fari kuwa sun kai matsayin cikakkun gwanaye a 1923. A Amurka sai 1952 baƙin mutum na fari, Robert Randall, ya kai wannan matsayi a babbar ƙungiyarsu. Ba mu ce mace ta fi namiji gaskiya ba, ko baƙi ya fi fari. Abin da mu ke cewa shi ne, mutum ya kan ƙirga abin da ya san akwai shi. Wanda uwarsa ta biya masa kuɗin makaranta da kwasar adashi ba zai yi wuyar tunawa ba cewa littafin uwar adashi shaida ne, a kuma iya gina lissafi a kansa.

Ana koyar da wannan ilimi a jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da ta Ikko, masu shi kuwa kaɗan ne ƙwarai a ƙasar nan. Yarinyar da ke ɗauke da tiren ƙuliƙuli tana haɗa cinikin mutum goma da ka, ta ba kowa canjinsa ba kuskure. Sau da yawa ita a ke cirewa daga aji domin a bar wanta ya ƙarasa, ba a kuwa taɓa gwada su biyun a kan allo ba a ga wanda ya fi lissafi.